Kawunan Gas da Muka Loda a Huangpu

Akwai magana guda ta Sinanci da har yau in na ji ta sai raina ya ɓaci: me wanti, wai babu matsala. Shekara goma sha ɗaya na yi a Guangzhou, kuma ban taɓa jin manaja ya faɗe ta da fara'a ba face akwai matsala tana kwance a ƙarƙashin tebur. Mu ma muna da tamu, ba sai mun ara ba. Mu "Allah ya kiyaye" muke cewa, mu miƙe mu kakkaɓe riga, kamar addu'ar ta ɗauke mana aikin gyara.

Karatu ne ya kai ni ƙasar Sin. Fannin injuna na karanta, shekara biyar har da ta koyon yare, na fito da takarda mai jan hatimi wadda mahaifiyata ta sa a gilashi ta rataye a falo. Aikin da takardar ta samo mini shi ne tafinta. Ina da tebur ɗaya da kujera biyu a wani ofis a benen Tianxiu, inda in ka shiga lifta za ka ji Hausar Kano da ta Maraɗi da ta Kumasi suna gogayya. 'Yan kasuwa su zo daga gida, in kai su Zhanxi Lu su sari takalma, in kai su masana'anta, in yi musu ciniki, in tsaya a kan kayansu har a rufe kwantena. Injiniya suke ce mini, amma da irin muryar da ake ce wa gajere Dogo.

Alhajin da zan ba da labarinsa aminin mahaifina ne. Tare suka fara kasuwa suna samari, shi ya yi wa mahaifina wanka ranar da ya rasu, shi ya karɓa mini aure. Baba nake ce masa. In ya zo Guangzhou ba na zama sai ya zauna, ba na sa hannu a kwano sai ya sa, ba na kallon ƙwayar idonsa in yana magana. Ba don in wanke kaina nake faɗar wannan ba. So nake a san irin tafintan da ya tsaya a tsakani a ranar.

A wannan zuwan kan gas ya zo saya, abin nan da ake maƙalawa a bakin tukunyar gas a haɗa shi da tiyo zuwa murhu. Itace da gawayi sun yi tsada a gida, mata suna ta komawa gas, Baba kuwa hancinsa yana jin ƙanshin kasuwa tun kafin ta buɗe. Kwantena guda cur yake so, kuma so yake ta sauka kafin azumi, lokacin da kowane gida ake ɗora tukunya uku a lokaci ɗaya. A wannan shekarar, azumi a tsakiyar bazara zai kama. Mu kuwa a Guangzhou sanyi ake, kowa da rigar sanyi, kuma saura kwana kaɗan masana'antu su rufe don bikin sabuwar shekararsu.

Na kai shi wata masana'anta a bayan gari. Manajan wurin gajere ne mai yawan dariya, irin wanda zai cika maka ɗan ƙaramin kofin shayi sau goma kafin ya bari a taɓo maganar da ta kawo ka. Baba ya zaro samfur daga aljihu, kan gas ɗan ƙasar Turai mai nauyi da ya cire daga kicin ɗin gidansa, ya ajiye a tebur ya ce irin wannan yake so, amma a rage.

Duk wanda ya yi aiki da mutanenmu a can ya san wannan wasan. Ɗan kasuwarmu yana ɗauka in ya ce a rage, manaja ribarsa yake ragewa, kamar yadda ake yi a gida. Manaja kuwa ribarsa ba ta motsi. Kayan yake ragewa. Namu ba ya tambayar me aka cire, nasu ba ya faɗa, kowa ya tashi yana ganin ya yi wayo. Sau uku Baba ya ce a rage, sau uku manaja ya yi dariya ya gyara rubutu a takardarsa. A na farko tagulla ta sirance. A na biyu sifirin ɗin ciki, ɗan ƙarfen nan mai naɗi, ya sauya. A na uku aka taɓa robar ciki, wadda ita ce ke tare gas kada ya fito. Ina zaune ina ganin biro yana tafiya, na yi shiru, don an saba.

Baba ya miƙa hannu. "Allah ya sa albarka," in ji shi. Suka yi musabaha, aka ɗauki hoto.

Sai manaja ya aika a kira injiniyan masana'antar, don shi ke buga hatimi a takardar ƙira kafin a kunna injuna. Wani dattijo ne siriri, furfura ta cinye kansa, da rigar aiki mai ruwan toka da biro uku a aljihu. Bai zauna ba, bai taɓa shayin ba. Ya karanta takardar har ƙasa, ya koma sama, sannan ya dube ni, da yake ya ji ina Sinanci.

"Ina za a kai su?"

Na ce arewacin Najeriya, wasu ma za su tsallaka Nijar.

"Yaya zafin ɗakin girkinku?"

Na gaya masa gaskiya. Na ce yawanci ɗan ɗaki ne mai rufin kwano, a bazara in ka shiga da rana sai ka ji numfashinka yana sarƙewa, kuma a nan tukunyar gas take wuni ta kwana.

Ya ajiye takardar. Abin da ya faɗa ina iya maimaita shi yau ba tare da na rasa kalma ba. Ya ce wannan robar ba ta irin wannan zafin ba ce. Cikin 'yan watanni za ta taurare ta tsage, gas ya riƙa sulalowa a hankali cikin rufaffen ɗaki. Ya ce wata mata za ta shiga ta ƙyasta ashana ɗakin ya tashi da ita. Ya ce za a mutu, kuma shi ba zai buga hatiminsa a kai ba.

Manaja ya tuntsire da dariya, ya dafa kafaɗar tsohon, ya kalli Baba ya ce, "Me wanti, me wanti." Baba ya juyo gare ni.

"Ɗana, me tsohon nan yake ta faɗa?"

Na ce, "Baba, cewa ya yi a ɗan riƙa kula da zafi. Kada a bar su a rana."

Wallahi bakina ne ya riga kaina. Mutumin nan yanzu ya sa wa ciniki albarka, hannunsa bai ko huce daga musabaha ba. A inda na tashi ba a kallon babba a gaban baƙi a ce masa kayan da ya saya za su kashe mutane. Ba a ambaton mutuwa a kan sabon kaya, mugun baki ne. Tun ina yaro aka koya mini cewa magana mai nauyi ana kai wa babba ita a lulluɓe, a keɓe, bayan ya ci ya sha. Na iya wannan aikin har ya zame mini jiki. Shekaru ina juya zagin 'yan kasuwarmu ya koma gaisuwa, ina juya rainin manajoji ya koma ban haƙuri, ana yabona ana cewa yaron nan yana da ladabi. Ladabin nan ne ya yi aiki a ranar, tir da shi.

Baba ya ce, "Ai wannan ba komai. Za a sa su a inuwa. Ka ce masa mun gode."

Tsohon ba ya jin Hausa, amma yana da kunne. Ya yi magana mai tsawo, ni na yi gajera, kuma fuskar Baba ba ta sauya ba. Tsohon ya dube ni sau ɗaya ya fita.

Da Baba ya nemi wurin sallar azahar aka kai shi wani ɗaki, na fito tsakar masana'antar neman ruwan alwala, sai na tarar da injiniyan a jingine da bango yana shan taba. Ya tambaye ni me na karanta. Da na gaya masa sai ya gyaɗa kai, kamar abin ya ƙara muni.

A nan ya ba ni labarinsa, a tsaye, cikin sanyi. Ya ce kafin ya dawo ƙera kan gas, shekaru ya yi a wani kamfani da ke ƙera bawul na injin roka, irin wanda ke ɗaga kumbo zuwa sararin samaniya. Ana shirin gwada wani inji a ƙasa, sai ya gano wani zoben da ke toshe mahaɗar bututu ba zai jure ba. Ya rubuta rahoto ya ce ba zai jure ba, a ɗage gwajin. Shugaban sashensa ya ga maganar ta yi tsauri, ya mayar da ita "akwai yiwuwar rauni". Na sama da shi ya mayar da ita "ana sa ido a kai". Kafin ta isa teburin babban shugaba ta zama layi ɗaya a ƙasan shafi na ƙarshe. An riga an sa rana, an gayyaci manyan baƙi, an buga kyalle an rataya a ƙofa. Aka kunna injin, mahaɗar ta fashe. Wani matashin ma'aikaci da ke kusa da bututun har yau ba ya gani. Da masu bincike suka zo, injiniyan suka tsare da tambaya, wai tun da ya sani me ya hana shi ɗaga murya. Shi aka sallama.

"Ban taɓa ganin manajan da ya ce a je a kashe mutum ba," in ji shi. "Kowa ɗan rage maganar yake yi ya miƙa sama." Ya take guntun tabar da takalmi. "Kai nawa ka rage?"

Na yi alwala da ruwa mai sanyi kamar ƙanƙara, na yi sallar da ban san me na karanta a ciki ba.

Washegari bayan la'asar na sami Baba a ɗakin cin abincin da wata 'yar Maraɗi ke yin tuwo a hawa na sama na Tianxiu. Na jira ya wanke hannu, na durƙusa gefen kujerarsa na gaya masa komai, har maganar ashana, har maganar mutuwa.

Ya daɗe yana sakace. Sannan ya ce, "Me ya hana ka faɗa a can?"

"Kunya, Baba."

"To yanzu da na ba da hannu na sa albarka, so kake in koma in ce na fasa? Ni? Shekara arba'in ina kasuwa ba a taɓa cewa na tashi daga magana ba."

Na ce ba fasawa za a yi ba, roba kawai za a sauya. Ya ce to in kira manajan. Na kira, manaja ya ce mu zo gobe a gwada a gabanmu, idonmu ya gane mana.

Gwajin nan in na tuna shi har yanzu sai in ji kamar in fasa wani abu. A ɗakin baje koli aka yi shi, ɗaki mai tayil, a tsakiyar sanyi. Aka ɗauko sababbi fil guda biyar da aka harhaɗa da safe, aka ɗaura a tukunya, aka tsoma a bahon ruwa. Ko kumfa ɗaya ba ta taso ba. To dama me zai taso? Wa ya ce sabuwar roba tana yoyo a ɗaki mai sanyi? Manaja ya tafa hannu, Baba ya ce masha Allah, ya waiwayo yana mini kallon ka gani ko.

Injiniyan ya ce wannan ba gwaji ba ne. Ya ce a ba shi mako guda ya sa su a tanda mai zafi irin na ɗakin girkinmu, sannan a tsoma. Wannan karon na fassara kalma da kalma, har muryarsa na kwaikwaya. Manaja ya lissafo nasa: saura kwana tara a rufe masana'anta, roba mai kyau daga wani lardi ake kawo ta, masu yin ta sun riga sun tafi hutu, in an jira jirgin zai tashi, na bayansa kuma sai bayan salla zai isa. Ina ganin fuskar Baba lokacin da na ce bayan salla.

Sai Baba ya yi tambayar da ta kashe maganar. Mutum ne mai kaifin kai, ban taɓa raina masa wannan ba. Ya ce, "Tambaye shi, zai iya rantsewa cewa za su fashe? Wanne daga ciki? Yaushe?"

Na tambaya. Tsohon ya ce ba zai iya cewa wanne ba, ba zai iya cewa yaushe ba. Ya ce wasu za su shekara lafiya. Abin da ya sani shi ne a cikin kwantena guda ba za a rasa waɗanda za su tsage ba.

Manaja ya baza hannu. "Ka ji ko? Shi ma bai tabbata ba."

Baba ya ce, "To tun da shi ma bai tabbata ba, mu da ba mu san gaibu ba me za mu ce? Allah ya kiyaye."

Haka aka juya abin a gabana. Mai sayar da kaya ba a ce ya nuna kayansa lafiyayyu ne ba. Wanda ya ce akwai haɗari shi aka ce ya kawo gawa tukuna. Kuma don mutumin kirki ne ba zai yi ƙarya ya ce duk za su fashe ba, sai gaskiyarsa ta zama sandar da aka doke shi da ita. Ya ƙi buga hatimin. Manaja bai ko ɓata rai ba, ya buɗe durowa ya ɗauko wani hatimin ya buga da kansa. Kafin mu kai bakin ƙofa na ji injuna sun tashi.

Ranar lodi muna wani sito kusa da tashar jiragen ruwa ta Huangpu. Kwali-kwali ne ake ta turawa cikin kwantena, kowane kan gas da jan murfi mai sheƙi, a kwalin an zana wata mata tana murmushi a gaban murhu. Akwai wasu 'yan kasuwa biyu 'yan Kano da suke lodin takalma a gefenmu, an shimfiɗa kwali ana ta hira. An kusa cikawa sai wayata ta yi ƙara. Injiniyan ne ya turo bidiyo. Ashe bai bar maganar ba. Ya ɗebi goma ya sa a tandar ɗakin gwaji ba da sanin manaja ba, kwana bakwai. A bidiyon hannunsa ne kawai ake gani yana shafa ruwan sabulu a wuyan kowanne. Na farko shiru. Na biyu shiru. Na uku sai ga kumfa tana tasowa tana kumbura tana fashewa, wata na bin wata. Kafin ya kai na goma, uku sun yi haka. Sannan ya ɓalle ɗaya ya ciro robar, ya lanƙwasa ta da yatsa biyu, ta karye kamar busasshen ƙuli-ƙuli.

Na kai wa Baba wayar har gaban fuskarsa. Ya sa tabarau ya kalla tun daga farko har ƙarshe. Ya miƙo mini, ya zaro tasa wayar, ya taka zuwa bayan wata mota. Na ɗauka manajan zai sa in kira. Zuciyata har ta fara sanyi. Na bi shi a baya don in ya buƙaci tafinta.

Kano ya kira. Babban ɗansa yake wa magana, murya ƙasa-ƙasa. "In kayan nan sun iso, kada a kai ko ɗaya gida. Ka ji ko? Har gidajen ƙannenka mata. Kowacce ta riƙe tsohon nata. A'a, ba komai, ka dai yi yadda na ce."

Ya kashe waya ya juyo ya gan ni. Ya wuce ni kamar bai gan ni ba, ya ɗaga wa masu lodi hannu ya ce a rufe.

A nan ne na yi abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Na sha gabansa, na kalli tsakiyar idonsa.

"Baba, 'ya'yan wasu fa?"

"Me ka ce?"

"Na ce 'ya'yan wasu fa? Naka ka tsare. Matar da za ta saya a kasuwa ba uwar wani ba ce? Ka gani da idonka. Ka yarda, tun da ga shi ka kira gida. Wallahi wannan ba kasuwa ba ce, Baba, wannan zalunci ne."

Muryata ta cika siton har masu lodi suka tsaya. 'Yan Kanon nan biyu suka taso suka rirriƙe ni. Babu wanda ya tambayi me ke cikin bidiyon. "Haba Injiniya, ubanka ne fa." "Yi shiru, yi shiru, a gaban arna za ka tozarta shi?" "Ba shi haƙuri." Ɗaya har yana danna kafaɗata wai in durƙusa.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Da mahaifinka yana raye ba za ka tsaya a gabana haka ba. Ni na sa shi a kabari da hannun nan." Ya nuna mini hannun. "Boko ya buɗe maka ido. To ba komai. Sa hannu a takardar mutane su tafi."

Takardar fitar da kaya da sunan ofishina take. In ban sa hannu ba kwantenar ba ta shiga tasha a ranar, jirgin kuma ba ya jira. Wannan shi ne abu ɗaya tak da yake hannuna, kuma na san da shi sarai. Tsohon da ba addininmu ɗaya ba, bai taɓa ganin Kano ba, bai san matan nan ba, ya ƙi buga hatiminsa. Ni da na ci tuwon hannunsu na girma, aka ambaci kabarin ubana sai na miƙa wuya. Na karɓi biro na sa hannu. Aka ja ƙofar kwantena aka datse.

A cikin motar komawa na kira matata na ce in ta ga kan gas mai jan murfi kada ta saya, ta kuma gaya wa Hajiyarmu da yayyena. Ta ce lafiya? Na ce ba komai, ta dai yi yadda na ce. Sai da na kashe wayar na ji maganar wa na maimaita.

Bayan hutun sabuwar shekara na kira masana'antar, aka ce injiniyan bai dawo ba, an ɗauki wani yaro sabon gama makaranta. Lambarsa ta daina shiga. Baba bai sake nemana ba, ya koma wajen wani tafinta a hawa na ƙasa, kuma labari ya zaga benen cewa na yi wa aminin ubana rashin kunya a bainar jama'a. Wasu suka janye aikinsu. Wannan bai dame ni ba kamar yadda na zata. Abin da ya dame ni shi ne duk sanda aka turo hoton gobara daga gida, a zauren waya na unguwa ko na 'yan makarantarmu, sai in tsinci kaina ina buɗe hoton da yatsa biyu ina leƙen gindin tukunyar gas, ina neman ja. Yawanci komai ya ƙone ya yi baƙi, ba a gane launi. Na rubuta gargaɗi na tura zauruka uku ba tare da na ambaci sunan kowa ba. Aka yi ta turo mini hoton hannun addu'a.

Bayan babbar salla na je gida. Kwana biyu da sauka matata ta aike ni kasuwa sayen tiyo. Ina shiga layin masu kayan gas na gan su, a rataye a igiya jeri-jeri kamar albasa, jan murfin yana ɗaukar ido. Shago na farko akwai, na biyu akwai, har ƙarshen layin. A shago na uku wata mata mai kimanin shekarun babbar yayata tana riƙe da ɗaya tana jujjuyawa, mai shagon yana ce mata ai wannan shi ake yayi, ga sauƙi ga kyau.

Na ce, "Hajiya, don Allah kada ki sayi wannan."

Mai shagon ya taso. "Malam, lafiya? Kai kuma daga ina?"

Ban kula shi ba. Na ce mata robar ciki ba ta jure zafi, tana tsagewa, gas ya cika ɗaki mutum bai sani ba.

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai ya aka yi ka sani, bawan Allah?"

"Ni na loda su daga Sin."

Mai shagon yana ta faɗa, mutane sun fara taruwa, amma ita ba ta jin su. Ta ajiye kan gas ɗin a hankali a kan benci.

"Wannan na biyu ne," in ji ta. "Na farkon tun kafin azumi na saya. A kayan ɗakin 'yata na sa shi."

Ta laluba jaka ta ciro waya, ta danna, ta sa a kunne, ta sauke. "Ba kati. Ba ni taka."

Na miƙa mata. Lambar tana kanta, ta danna. Muna tsaye a tsakiyar layin, masu baro suna cewa a ba su hanya. Ina jin ƙarar daga inda nake, tana shiga, tana shiga, har ta katse.

"Ƙarfe nawa?" ta tambaye ni.

Na ce sha ɗaya da rabi.

"Yanzu take ɗora girki." Ta dangwara mini wayar a hannu. "Sake kira."

Na sake kira.